Sonatar Paul Creston da Algaitar Kawuna

Akwai wani kiɗa na mutanen Amurka wanda na yi shekara 40 da 'yan kai ina saurare, har yau kuwa ban gaji da shi ba. Tsawonsa bai wuce minti 13 ko 14 ba. Babu waƙa a cikinsa, babu kirari, babu sunan kowa. Mutum biyu ne rak suke yinsa, ɗaya yana busa saksofon, ɗaya yana kaɗa fiyano. Wanda ya tsara shi sunansa Paul Creston, ya gama shi cikin shekarar 1939, ya kira shi Sonata, shi ne kuma aiki na 19 a jerin ayyukansa. Na san da yawa daga cikin masu karatu za su ce, ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa Bahaushe, tsohon malamin gona, da busar Turawa? To, ku yi mini haƙuri ku ji. Wannan kiɗa ne ya tono mini wani laifi da na binne tun ina yaro, ya kuma tilasta mini in dube shi ido da ido.

Cikin shekarar 1979 aka tura mu Amurka, mu 'yan samari, domin mu koyo aikin gona na zamani. Ni na faɗa wata jami'a a tsakiyar ƙasar, inda in ka fita gari ba ka ganin kome sai gonakin masara iyakar ganinka. Shekarar farko ta wuce lafiya. A ta biyu sai kuɗin alawus ɗinmu ya makara wata da watanni, ga hunturu ya kama, irin hunturun da ko a mafarki ban taɓa zaton akwai shi ba. Tilas na nemi aikin da zan ci abinci. Aikin da na samu kuwa shi ne shara da goge daɓe a ginin koyar da kiɗa na jami'ar, daga ƙarfe 10 na dare zuwa ƙarfe 2. Ban taɓa ambaton wannan aiki a wasiƙun da nake aikawa gida ba. A ganina na lokacin, ɗan akawun En'e da ya je ƙasar waje karatu bai kamata a ji shi da bokiti da tsumma ba.

Ginin nan yana da wani dogon lungu a ƙasa, da ƙananan ɗakuna jere dama da hagu, kowane ɗaki da fiyano a ciki. Nan ɗalibai suke kulle kansu suna gwaji. Ni dai ban ɗauke su da wata daraja ba. Ina ce wa raina, mutum ya baro gidan ubansa, a biya masa kuɗi masu yawa, wai don ya koyi busa! Saksofon kuwa na san shi tun a gida. Na gan shi a hannun 'yan badujala na 'yan sanda ranar fareti, na kuma sha jin kukansa da dare yana fitowa daga otal-otal na Sabon Gari, inda yaron kirki ba ya zuwa. Saboda haka a wurina abin busa ne na 'yan iska, ko kuwa na masu kaki.

Wani dare cikin watan Janairu na 1981, ina goge lungun nan, sai na ji wata murya daga ɗakin ƙarshe. Na daɗe tsaye kafin in gane saksofon ne, domin ba shi da wannan ƙara mai tsaga kunne da na saba ji. Murya ce mai taushi, kamar ta babbar mace tana rarrashin jika. Mai busar yana yin 'yar gaɓa guda, ya tsaya, ya koma farko, ya sake. Na ƙirga ya maimaita ta fiye da sau 20. Kashegari ma haka, jibi ma haka. Ban ankara ba sai na ga ina ƙoƙarin jan tsummana daidai da kiɗan, amma abin ya ƙi. In na tura na jawo, na tura na jawo, sai in ga kiɗan ya bar ni da ƙafa ɗaya a sama. Sai da na yi mako guda ina wannan fama kafin in gane dalili. Kiɗan da kunnena ya saba da shi yana tafiya bibbiyu, ko uku-uku, ko hurhuɗu. Wannan kuwa biyar-biyar yake tafiya.

Ranar da na gane haka na tsaya bakin ƙofar ina ƙirgawa da yatsu, sai mai busar ya buɗe ƙofa ya same ni a haka. Wani dogon saurayi ne Bature, ɗan manoma, sa'ana. Ya yi dariya ya ce ashe na kama lissafin, shi ma sai da ya sha wuya kafin abin ya zauna masa a jiki. Daga nan muka saba. In na gama aiki sai in zauna a kan bokitina da na kife, shi yana gwaji, a ranakun da abokiyar karatunsa mai kaɗa masa fiyano ta zo kuma in ji abin gaba ɗayansa. Suna shirin jarrabawarsa ta ƙarshe ce, wadda ake yi a gaban jama'a. A bakinsa na fara jin tarihin saksofon da na Creston, daga baya na bi littattafai na ƙara.

Saksofon dai ba tsohon abu ba ne. Wani maƙerin kayan busa mutumin Beljiyam, Adolphe Sax, wanda aka haifa a garin Dinant cikin 1814, shi ya ƙirƙiro shi, ya kuma yi rajistarsa a birnin Faris cikin 1846. Jikinsa na tagulla ne, amma abin da yake ba da murya wani ɗan siririn harshe ne na kara da ake ɗaurawa a bakinsa, iska ta riƙa kaɗa shi. Burin Sax shi ne abin nan ya sami kujera a manyan ƙungiyoyin kiɗa, tare da goge da sarewa na Turawa. Sojan Faransa suka karɓe shi, amma manyan ƙungiyoyin suka riƙa yi masa kallon baƙo, sai jefi-jefi wani kamar Bizet ko Ravel ya ba shi 'yar gaɓa. Abokan sana'a suka yi ta jan Sax kotu, ya karye sau uku, ya mutu cikin talauci a 1894. Ajin koyar da saksofon da ya riƙe a babbar makarantar kiɗa ta Faris an rufe shi a 1870, ba a sake buɗewa ba sai 1942, a hannun Marcel Mule.

A Amurka ne saksofon ya sami gida, a hannun baƙar fata masu kiɗan jaz. Su suka gano abin da yake cikinsa, suka koya masa magana. A cikin shekarar nan ta 1939 da Creston ya rubuta sonatarsa, a cikinta Coleman Hawkins ya ɗauki faifansa na Body and Soul, wanda har gobe masu busa suke nazari. Amma fa wannan ɗaukaka ita ce ta ƙara jawo masa raini wurin masu ganin kansu manya. Suka ce abin gidan rawa ne da mashaya. Ba sai an faɗa ba, launin fatar masu busa shi yana cikin dalilan rainin. Har a Jamus ta zamanin Hitler, da aka shirya wani nuni a birnin Düsseldorf cikin 1938 don tozarta kiɗan da gwamnati ta ƙi, hoton da aka buga na tallarsa zanen izgili ne na baƙin mutum riƙe da saksofon. Da na ji wannan sai jikina ya yi sanyi, domin na ga ashe ni da waɗannan mutane mun yi tarayya a raini ɗaya, ko da yake kowa da hanyar da ya bi ya isa can.

Cikin wannan hali ne wani Ba'amurke mai suna Cecil Leeson, wanda aka haifa a 1902, ya ɗaura aniyar sai ya shigar da saksofon zaurukan da ake zama shiru a saurari kiɗa. A 1937 ya yi wasa shi kaɗai da mai fiyano a zauren Town Hall na birnin Niyok, abin da mai saksofon bai taɓa yi a can ba. Amma babbar matsalarsa ita ce rashin abin busawa. Goge da fiyano suna da gadon ɗaruruwan shekaru na rubutattun kiɗe-kiɗe, saksofon kuwa maraya ne, sai are-are. Don haka shi da takwarorinsa suka shiga roƙon masu tsara kiɗa su rubuta musu. Ta haka Bernhard Heiden ya rubuta wa Larry Teal sonata a 1937. Leeson kuma bai je da nisa ba, mutumin da yake kaɗa masa fiyano ya juya ya roƙa, wato Paul Creston.

Shi Creston ba sunansa na yanka ke nan ba. An haife shi a Niyok cikin 1906, aka sa masa Giuseppe Guttoveggio, iyayensa talakawa ne da suka yi ƙaura daga tsibirin Sisili na Italiya. Yana ɗan shekara 15 talauci ya fitar da shi daga makaranta. Ya yi aikin ɗan aike, ya yi akawu a banki da kamfanin inshora, da rana yana neman abinci, da dare yana karatu. Ya sami malaman da suka koya masa kaɗa fiyano da ogan, wato babban abin kiɗan nan na coci, amma tsara kiɗa babu wanda ya koya masa. Littattafan laburare da rubutattun ayyukan magabata irin su Bach su ne malamansa. Ya yi kiɗa a gidajen silima a zamanin da hotuna ba sa magana, sa'an nan daga 1934 har 1967 shi ne mai kaɗa ogan a cocin St. Malachy da ke unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta Niyok. Matarsa 'yar rawa ce, ta yi aiki da ƙungiyar Martha Graham, shi ma duk rayuwarsa babu abin da ya ɗauke masa hankali kamar tafiyar kiɗa da lissafin bugunsa, har ya wallafa littafi sukutum a kan haka cikin 1964. Ya fara rubuta wa Leeson wani ɗan aiki a 1935, sa'an nan sonatar nan a 1939. Su biyun suka gabatar da ita a ƙaramin zauren Carnegie cikin watan Fabrairu na 1940.

Irin wannan kiɗa Turawa suna kiransa kiɗan ɗaki, domin asalinsa na mutane kaɗan ne a ɗan ƙaramin wuri, ba tare da shugaba mai sanda a gaba yana ba da umarni ba. Kowa kunnensa ne shugabansa. Kada mai karatu ya zaci mai fiyano ɗan amshi ne kurum. Creston gwanin fiyano ne, ya kuwa ɗora wa mai fiyano kaya daidai da na mai busa, ko ma fiye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ɗaya ya yi gaggawa ko ya nemi danne ɗan'uwansa, kiɗan ya rushe.

Sonatar kashi uku ce. Al'adar masu tsara kiɗa ita ce su rubuta umarninsu da Italiyanci, amma shi Creston, ɗan Italiyawa, da Ingilishi ya rubuta nasa. A kan kashi na farko ya ce a yi shi da kuzari. Saksofon ne yake faɗowa ciki ba sallama, da 'yan gajerun kalmomi masu kaifi, fiyano yana mayar masa, kamar mutum biyu da suka haɗu a kasuwa kowa da hujjarsa. Can sai wata doguwar murya mai daɗi ta ratso, gardama ta lafa, kafin ta sake tashi. A cikin wannan kashi akwai inda ake bukatar mai busa ya hau sama da inda maɓallan saksofon suka saba kaiwa, sai da dabarar maƙogwaro da leɓe. Nan ne ɗalibai da yawa suke zamewa, abokina ma na sha ganin ya ajiye saksofon ya dafe kai.

A kan kashi na biyu ya ce a yi shi da natsuwa. Shi ne mai tafiya biyar-biyar, wanda ya hana ni goge daɓe. Fiyano ne yake farawa shi kaɗai, ya shimfiɗa muryar a hankali, sa'an nan saksofon ya shigo ya karɓa. Daga nan suna hawa kaɗan-kaɗan har su kai wani tudu inda murya take cika ɗaki, kana su gangaro su koma shiru. Abin mamaki shi ne, in gwanaye ne suke yi ba za ka taɓa jin biyar ɗin nan tana ɗingishi ba. Bugun nan na biyar da ya yi mini kamar ƙari, shi ne yake ba kiɗan sararin numfashi, kamar mai magana da ba ya yanke wa kansa hanzari. A kan kashi na uku kuma ya ce a yi shi da fara'a. Wannan wasa ne da tsere. A takarda bibbiyu yake tafiya, amma Creston yana ta matsar da nauyin bugun daga inda kake jiransa zuwa inda ba ka zata ba, har sai ka rasa inda za ka sa ƙafa, sa'an nan su biyun su dire tare.

To, ga inda maganar ta zo kaina. Wani dare na ga abokina yana yi wa takardar kashi na biyu 'yan alamu da fensir. Na tambaye shi, ya ce wuraren shaƙar iska yake sawa. Ya ce wahalar kashin nan ba a yatsu take ba, a ƙirji take, domin jimlolin dogaye ne, in ka yanke su a inda bai dace ba ka kashe maganar, in ka jure kuma iska ta ƙare maka murya ta yi rawa. Ban san sa'ad da bakina ya suɓuce ba, na ce ai ni na san wani mutum a garinmu da yake busa ba ya tsayawa ko kaɗan, sai ya kumbura kumatu ya tara iska, yana tura ta da kumatun alhali yana shaƙar wata ta hanci. Saurayin nan ya ajiye fensir ya zuba mini ido. Ya ce wannan dabara ce da manyan masu busa suke shekaru suna nema, shi kansa ya gwada da tsinken shan lemo a kofin ruwa har ya gaji bai iya ba. Ya shiga jero mini tambayoyi. Wane irin abin busa ne? Harshensa ɗaya ne ko biyu? Wa ya koya masa? Akwai faifansa? Daga ƙarshe ya ce, shi wannan gwani, mene ne tsakaninku?

Na yi shiru. Domin mutumin nan kawuna ne, wan mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya, mai busa algaita a fadar garinmu, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. Dangin mahaifina ba su taɓa mantawa da cewa ɗansu ya auro 'yar gidan maroƙa ba, ni ma tun ina ƙarami suka koya mini kada in manta. Kawu kuwa yana ƙaunata ƙwarai. Shi ya saya mini akwatin ƙarfe da na tafi kwaleji da shi. Cikin 1972, ranar ba da kyaututtuka a makarantarmu, Sarki ya zo da jama'arsa, Kawu yana gaba da algaita, kumatu kamar za su fashe. Da aka tashi sai ya hango ni cikin abokaina, 'ya'yan hakimai da na alƙalai, riƙe da littafin da na ci. Ya nufo ni yana washe baki. Wani ya ce, kai wane, maroƙin nan ya san ka ne? Na ce, wani mutumin unguwarmu ne. Na tabbata ya ji. Ya tsaya cik, ya ce, “Allah ya yi albarka, ɗan makaranta,” ya juya. Da yamma maigadi ya kawo mini sule biyar ƙulle a tsumma, ya ce wani mai algaita ya bar mini. Na karɓa na kashe. Daga ranar ban sake taka gidansa ba, har na bar ƙasar.

Wannan shi ne abin da ya faɗo mini a kan bokitin nan. Ga ni a ƙasar wasu ina goge musu daɓe, ina ɓoye wa gida, ina kuma jinjina wa ɗan Bature saboda yana neman abin da kawuna ya mallaka tun kafin a haife ni. Sai da na ga busa a rubuce a takarda, a jami'a, da farfesa a kanta, kafin in yarda ilimi ce. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya wuce rashin sani, domin na sani sarai na rufe ido. Na ɗaga kai na ce wa abokina, kawuna ne. Wannan ne karo na farko da na faɗi haka ga wanda ba ɗan garinmu ba.

Ranar jarrabawarsa na ari kwat na je na zauna a baya. Mutanen da suka zo ba su kai 50 ba. Ya haye wurin nan mai wuya na kashi na farko lafiya. Da suka shiga kashi na biyu ban ƙirga kome ba, ban ma tuna da biyar ba. Bayan an tashi ya ba ni kaset na wasan, ya ce in kai wa kawuna, in kuma ɗauko masa busarsa in aiko.

Na komo gida cikin 1983 da rikoda sabuwa. Kwana biyu da sauka na tafi gidan Kawu. Na same shi a zaure a kan buzu, ya tsufa ƙwarai, haƙoran gaba sun zube, ga tari. Na tuɓe takalmi na durƙusa na ce, “Kawu, na zo neman gafara ne, kan abin da na yi maka a makaranta.” Ya dube ni ya daɗe, sa'an nan ya ce, “Tashi, ɗana. Ai yaro ba ya laifi wurin kawunsa. Uwarka ce dai ta yi kuka.” Ashe ya faɗa mata, ita kuwa shekara 11 ba ta taɓa nuna mini ba.

Na fito da rikoda na ce ina so in ɗauki busarsa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya nuna mini algaitar a rataye, fatar jikinta ta bushe, ya ce rabonsa da ita shekara uku, ƙirji ya ƙi, baki ma ba ya riƙe ta. 'Ya'yansa kuwa babu wanda ya gada, babban yana tuƙin mota, ƙaramin yana ɗinki. Da na sani ƙeya ce. Da na rasa abin yi sai na sa masa kaset ɗin abokina.

Ya saurari kashi na farko bai ce uffan ba. Da kashi na biyu ya fara, kafin saksofon ma ya shigo, sai na ga yatsunsa suna taɓa gwiwa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, daidai wa daida. Abin da ya ci mini mako guda, shi bai ci masa minti ɗaya ba. Can ya ce, “Yaron nan yana da numfashi. Yana yankewa, amma ya san inda ake yankewa.” Jim kaɗan ya ƙara da cewa, “Mai kiɗan nan ma tana da kunya, ka ji yadda take jiransa.” Ban gaya masa mace ce ba, sai dai wataƙila na ambata ban sani ba. Da aka gama ya tambaye ni, “To, wa yake yi wa? Taken wane sarki ne?” Na ce, “Ba na kowa ba ne, Kawu. Kiɗa ne kawai, a zauna a ji.” Ya jinjina kai ya ce, “Ashe ɗan gata ne. Mu duk abin da muka busa da mai shi. Amma da asuba, kafin fada ta cika, nakan yi nawa ni kaɗai a bayan gida.” Wannan busa ta asuba ita ce ban taɓa ji ba, ba kuwa zan ji ta ba. Bai shekara biyu bayan haka ba ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Shi ma Creston duniya ta juya masa baya a ƙarshe. A shekarun 1940 da 1950 yana cikin masu tsara kiɗa na Amurka da aka fi kaɗa ayyukansu. Daga baya yayi ya sake, masana suka koma wa wani salo mai tsauri, suka ce irin nasa mai daɗin ji ya tsufa. Ya koma koyarwa a wata kwaleji a jihar Washinton daga 1968 zuwa 1975, ya rasu a Kalifoniya cikin 1985. Manyan kiɗe-kiɗensa guda shida na babbar ƙungiya, waɗanda ya zaci su za su riƙe sunansa, ba kasafai ake jinsu ba. Abin da ya riƙe sunan shi ne 'yar sonatar nan da ya rubuta wa abin busan da aka raina. Da wuya ka sami ɗalibin saksofon a manyan makarantun kiɗa wanda bai bi ta kanta ba. Dalili kuwa a fili yake. An rubuta ta, an buga ta, malami ya miƙa wa ɗalibi, ɗalibi ya zama malami ya miƙa wa wani. Leeson da Teal da suka yi ta roƙo a rubuta musu, su ne daga baya suka zauna a jami'o'i suna koyarwa.

Ban ce sonatar Creston ta wanke saksofon ba, domin ba shi da dauɗar da za a wanke, Hawkins da 'yan'uwansa sun riga sun nuna haka. Haka nan algaitar Kawu ba ta bukatar shaidar wani Bature kafin ta zama gwaninta. Ni ne na bukaci shaidar, wannan kuwa abin kunya ne da zan mutu da shi. Bambancin da ke tsakanin mutanen nan biyu, ɗan Sisili da kawuna, ba na hazaƙa ba ne. Ɗaya ya sami waɗanda suka ga darajar abin da yake yi tun yana da ƙarfi, suka adana. Ɗaya kuwa ɗan ƙanwarsa, wanda ya fi kowa ilimin boko a dangi, wanda ya fi kowa ikon adanawa, shi ya ce masa mutumin unguwa.

Kaset ɗin nan ya daɗe da tsinkewa. Yanzu jikokina ne suke nemo mini sonatar a intanet ta wayar hannu, ga ta nan birjik, daga hannun gwanaye da na ɗalibai. Duk mai so ya rubuta sunan Paul Creston da saksofon zai same ta. Shawarata ita ce ya fara da kashi na biyu, da dare, bayan gida ya yi shiru, kada kuma ya wahalar da kansa da ƙirga. Sa'an nan in akwai wani tsoho a danginsa ko a unguwarsu mai algaita, ko kakaki, ko sarewa, ko kukuma, wanda ake wucewa ba a ko gaishe shi, to, wayar nan da ya saurari Creston da ita tana ɗaukar murya. Ya je tun ƙirjin tsohon bai ƙi ba, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi abin da yake busawa in yana shi kaɗai.

Algaitar Kawu tana ɗakina yanzu, 'ya'yansa suka ba ni. Nakan shafa mata mai lokaci-lokaci don kada fatar ta tsage. Ban iya busa ta ba.